Tsohuwar Hedikwatar 'Yan Sandan New York: Ginin Ya Tsira, Shaidarsa Ta Salwanta

A kudancin tsibirin Manhattan na birnin New York, a unguwar da 'yan ci-rani daga Italiya suka taɓa cikawa har ake kiranta Ƙaramar Italiya, akwai wani katafaren gini mai lamba 240 a kan titin Centre. Yana da doguwar ƙubba da ake hangowa daga nesa, da ginshiƙan dutse, da gumakan zakuna biyu a bakin ƙofa. Baƙon da bai san labarinsa ba zai ɗauka majalisar dokoki ce ko fadar wani sarki. Daga 1909 zuwa 1973 nan ce hedikwatar 'yan sandan birnin, rundunar da ta fi ta kowane birni girma a Amurka. A 1988 aka mai da shi gidajen kwana 55 na masu hannu da shuni, waɗanda yau ake sayar da ɗaya a kan miliyoyin daloli. Masana gine-gine kan kawo shi a matsayin misalin yadda ake ceto tsohon gini daga rusau, kuma ban musa cewa an cece shi ba. Abin da nake ja a kai shi ne abin da aka ceta ɗin. A ganina birnin ya adana dutse da ƙubba, ya saki abin da ya fi su daraja, wato damar da talaka yake da ita ta ya shiga ya ga inda hukuma ta riƙa tsare mutane da sunan kare shi, ya kuma ji abin da aka yi musu a wurin.

Kafin a gane girman asarar sai an san dalilin da ya sa aka ƙawata ginin haka. A 1894 majalisar dattawan jihar New York ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Sanata Clarence Lexow, wanda ya bankaɗo cewa 'yan sandan birnin na karɓar kuɗi a kai a kai daga gidajen caca da mashaya da gidajen karuwai, kuma har muƙamin kyaftin sayensa ake yi. Bayan wannan abin kunya ne aka naɗa Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya shugabanci hukumar kwamishinonin 'yan sanda daga 1895 zuwa 1897, yana zama a tsohon ofishinsu mai lamba 300 a titin Mulberry. A 1898 kuma aka haɗe Manhattan da Brooklyn da Bronx da Queens da Staten Island suka zama birni ɗaya, aka narkar da ƙananan rundunoninsu cikin runduna guda. Tsohon ofishi ya yi kaɗan, sunan rundunar kuma yana bukatar wanki. Saboda haka a 1905 aka sa harsashin sabon gini a filin wata tsohuwar kasuwa, bisa zanen kamfanin Hoppin da Koen, aka kammala shi a 1909. Manufar da aka bayyana tun a lokacin ita ce ginin ya cusa kwarjinin doka a zuciyar ɗan sanda da ta wanda aka kama baki ɗaya. Ke nan tun ranar farko ginin alkawari ne da hukuma ta ɗaukar wa jama'a cewa ta gyara halinta. Wanda ya tsaya yau yana sha'awar ƙubbar, wannan alkawarin na 1909 yake ji, ba kuma wanda zai gaya masa ko an cika shi.

An cika wani sashe nasa, kuma adalci ne a faɗi haka. A shekarar da aka buɗe ginin ne 'yan Mafiya suka harbe Laftanar Joseph Petrosino a birnin Palermo na tsibirin Sicily, inda rundunar ta aike shi binciken masu tatsar kuɗin 'yan uwansa Italiyawa da barazana. Har yau akwai ɗan fili mai sunansa kusa da ginin. A wannan zamanin ne gano mai laifi ta zanen yatsa ya kankama a rundunar, a hannun Joseph Faurot wanda ya je Landan ya koyo fasahar. A 1911 Samuel Battle ya zama baƙar fata na farko da rundunar haɗaɗɗen birnin ta ɗauka, ya jure wariyar abokan aiki har ya kai laftanar. Daga wannan ginin aka riƙa sarrafa motocin sintiri ta rediyo, daga nan kuma aka fara amsa kiran gaggawa na lamba 911 a birnin a 1968. 'Yan jarida kan kama ɗakunan haya a layin da ke bayan ginin don kada labari ya wuce su, cikinsu har da shahararren mai ɗaukar hoton nan da ake wa laƙabi da Weegee. Dubban mutane sun shiga wannan ƙofa da safe sun yi aikin kare rayuka da gaskiya, wasu sun fita sintiri ba su dawo ba. Su ma suna cikin waɗanda aka yi wa ƙwauro da aka rufe ƙofar.

Ɗaya sashen labarin kuwa mai nauyi ne. Shekara uku kacal da buɗe ginin, a 1912, aka harbe wani ɗan caca mai suna Herman Rosenthal a ƙofar wani otal, kwanaki kaɗan bayan ya fito fili ya ce Laftanar Charles Becker, wanda aka ɗora wa alhakin kai samame gidajen caca, abokin cin ribarsa ne. An zartar wa Becker hukuncin kisa a kurkukun Sing Sing a 1915. Wasu marubuta na shakkar hannunsa a kisan har yau, amma batun cin hancinsa ba a cika jayayya a kai ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda ake tatsar bayani daga wanda ake tuhuma, hanyar da Amurkawa suka sa wa suna mataki na uku: a hana mutum barci kwana da kwanaki, a haska masa fitila a ido, a dake shi da tiyon roba don kada ya bar tabo, har sai ya amsa laifi. A 1930 wani ɗan jarida da ya daɗe yana bin labaran 'yan sandan birnin, Emanuel Lavine, ya wallafa littafi sukutum a kan abin da ya gani. A 1931 kwamitin Wickersham, wanda Shugaba Herbert Hoover ya kafa, ya fitar da rahoton da ya tabbatar cewa wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a biranen ƙasar, har da New York. A daidai lokacin ne binciken Mai shari'a Samuel Seabury ya gano yadda 'yan sandan yaƙi da baɗala ke ƙulla wa matan da ba su ji ba ba su gani ba sharrin karuwanci don a tatse su, binciken da ya faɗaɗa har ya ci kujerar magajin gari Jimmy Walker a 1932. A cikin ginin nan akwai ɗakunan tsare mutane a ƙarƙashin ƙasa, akwai kuma zauren da ake jera waɗanda aka kama kowace safiya a kan dandamali, cikin haske mai kashe ido, 'yan sandan ciki suna ƙare musu kallo. A irin wannan zaman ne, a 1934, Kwamishina Lewis Valentine, mutumin da ya yi suna wajen ƙin cin hanci, ya ga wani da ake zargi da kisa ya fito fes cikin tufafi masu tsada, ya umarci yaransa da su riƙa yi wa irin waɗannan jina-jina kafin su kawo su. Umarnin daga bakin shugaban rundunar ya fito, a bainar 'yan jarida, a ƙarƙashin ƙubbar da aka gina don kwarjinin doka.

Shekarun ƙarshe ma ba su zo da sauƙi ba. A watan Yuni na 1970 ƙungiyar 'yan tawayen Weather Underground ta tayar da bam a cikin ginin. A shekarar ne magajin gari John Lindsay ya kafa kwamitin Knapp, bayan ɗan sanda Frank Serpico ya gaji da kai ƙara wurin manyansa ya kai wa jarida. Rahoton kwamitin na 1972 ya kasa masu cin hanci a rundunar kashi biyu: masu cin ciyawa, wato masu karɓar ɗan na goro idan ya zo, da masu cin nama, wato masu fita farautar kuɗi da kakinsu. Ya ce na farkon ne suka fi yawa, kuma shirunsu ne ke ba na biyun mafaka. Shekara guda bayan haka rundunar ta kwashe kayanta ta koma sabon gini kusa da gadar Brooklyn. Ƙarancin wuri ne ya jawo ƙauran, an kuma daɗe ana shirinsa, amma ya zo wa rundunar daidai lokacin da take son a manta.

Ginin ya zauna fayau fiye da shekara goma yana lalacewa. A 1978 hukumar adana gine-ginen tarihi ta birnin ta sa shi cikin jerin waɗanda ba a taɓawa, a 1980 kuma ya shiga jerin na ƙasa. Dokar da ta ba da wannan kariya an yi ta ne a 1965, bayan takaicin rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania, kuma abin da ta fi karewa shi ne fuskar gini, abin da mai wucewa ke gani daga titi. Ba ta tambayar wa zai shiga ko me za a gaya masa. Da birnin ya miƙa ginin ga 'yan kasuwa, sai suka gyara fuskar yadda doka ta ce, suka yayyanka cikin suka sayar, har ɗakin motsa jikin 'yan sanda ya zama gidan wani attajiri. Ba a keɓe wani sashe don ba da labarin abin da ya gudana a wurin ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: an kuɓutar da ginin daga katafila, an kuma raba shi da jama'ar da aka gina shi da harajinsu.

Hedikwatar 'yan sanda ba ɗaya take da tsohuwar tashar jirgi ko tsohon banki ba. Ita ce inda hannun hukuma yake taɓa jikin ɗan ƙasa kai tsaye, kuma mafi yawan abin da ke faruwa bayan kanta yana faruwa ne babu idon kowa. Idan wanda aka tsare ya fito ya ce an dake shi, jami'i ya ce ƙarya yake yi, maganar mutum biyu ce, kuma kowa ya san wadda kotu ta saba ɗauka. Shaida ta uku da ta rage ita ce wurin: faɗin ɗaki, tsayin taga, nisan matakala, abin da aka kankara a bango, da littafin rajistar shiga da fita. Afirka ta Kudu ta nuna cewa wannan ba zancen baka ba ne. Ranar 27 ga Oktoba 1971 wani malamin makaranta ɗan gwagwarmaya, Ahmed Timol, ya faɗo daga hawa na goma na ginin 'yan sanda na John Vorster Square a Johannesburg. Majistare ya yanke a 1972 cewa shi ya kashe kansa. Bayan shekara 45, bisa nacin danginsa, aka sake buɗe binciken, Mai shari'a Billy Mothle ya taka da ƙafarsa zuwa ɗaki mai lamba 1026 ya dubi tagar da 'yan sanda suka ce ta nan Timol ya yi tsalle. A watan Oktoba na 2017 ya yanke cewa azabtar da shi aka yi sannan aka jefo shi. Shaidar likitoci kan raunukan da ya samu kafin faɗowa, da ta waɗanda aka tsare tare da shi, su ne suka fi nauyi a hukuncin. Amma an iya gwada labarin 'yan sanda da ɗakin ne saboda ɗakin yana nan, kuma alƙali yana da ikon shigarsa.

Misalin da ya fi kowanne bayyana abin da nake nufi yana Jamus. Tsofaffin masu sauraron Sashen Hausa na Muryar Jamus sun san sunan birnin Kolon, domin daga can tashar ke watsa shirye-shiryenta kafin ta koma Bon a 2003. A tsakiyar birnin akwai wani gida da ake kira EL-DE, daga haruffan farko na sunan mai shi, Leopold Dahmen, ɗan kasuwar zinari da agogo. Daga 1935 zuwa Maris na 1945 nan ce hedikwatar yankin ta Gestapo, 'yan sandan mulkin Nazi. A ƙarƙashinsa suka gina ɗakunan tsaro goma, ƙanana, na mutum ɗaya ko biyu, waɗanda a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ake cusa wa ninkin-ba-ninkin haka. A tsakar gidan an kashe sama da mutum 400 a watannin ƙarshe. Bama-bamai sun ragargaza kusan dukkan tsakiyar birnin, amma gidan ya tsira. Da aka gama yaƙi sai hukumar birni ta zuba ofisoshinta a ciki, har da na ɗaurin aure da na fansho, aka mai da ɗakunan ƙasa ma'ajiyar tsofaffin fayiloli. Wasu daga cikin waɗanda aka gana wa azaba a gidan dole nan suke zuwa neman takardunsu. Fiye da shekara talatin aka yi a haka, masu kiran a buɗe wurin suna magana ba mai saurarensu.

A 1979 wani malamin makaranta, Kurt Holl, da wani mai ɗaukar hoto, Gernot Huber, suka ɓuya a ƙarƙashin ginin har aka kulle ƙofa, suka kwana suna ɗaukar hoton abin da ke bayan kantocin fayil. Abin da suka fito da shi ya girgiza birnin. Bangon cike yake da rubutu da zane kimanin 1,800, da fensir da alli da jan baki, wasu an kankare su da ƙusa ko da farce, da Rashanci da Jamusanci da Faransanci da wasu harsunan, da yawansu na matasan da aka kwaso daga gabashin Turai aikin tilas. Sunaye ne da garuruwa, da lissafin kwanaki, da sallama ga iyaye. Kafin shekarar ta ƙare majalisar birni ta amince a adana wurin, a 1981 aka buɗe shi ga jama'a, a 1988 kuma cibiyar binciken tarihin mulkin Nazi ta tare a gidan. Abin lura shi ne gidan EL-DE ba shi da wani kyan gani da zai sa masanin zane ya tsaya. Da ma'aunin da aka auna ginin titin Centre aka auna shi, da wuya ya ci jarrabawa. Darajarsa duk tana ƙarƙashin ƙasa, kuma gwangwanin fenti ɗaya ya isa ya shafe ta.

Mai ja zai ce, kuma da gaskiyarsa, ai 'yan sandan New York ba Gestapo ba ne. Haka ne, kuma duk wanda ya daidaita su ya zalunci tarihi. Sai dai wannan bambancin ƙara wa hujjata ƙarfi yake yi. Laifin mulkin kama-karya da ya faɗi yana da sauƙin barranta, kowa sai ya ce wasu ne suka yi, zamaninsu kuma ya wuce. Abin da ya faru a titin Centre ya faru ne a ƙarƙashin zaɓaɓɓen magajin gari, kotuna na zama, 'yan jarida na tsallaken titi. Wannan shi ne darasin da ƙasashe masu zaɓe suka fi bukata, domin irin cutar da ke iya kama su ce. Kuma cuta ce mai dawowa: Lexow a 1894, badaƙalar Becker a 1912, Seabury a 1930, badaƙalar ɗan cacar nan Harry Gross a 1950, Knapp a 1970, sannan kwamitin Mollen a 1992. Kusan duk shekara ashirin, wato gwargwadon tsawon aikin ɗan sanda ɗaya, sai an sake gano abin da aka riga aka gano. Ba na cewa gidan tarihi zai karya wannan zagayen shi kaɗai. Ina cewa runduna mai irin wannan mantuwa bai kamata a taya ta ɓatar da abin tuni ba. Ga shi kuma labarin yana da ɓangaren gyara da ya cancanci a nuna: hukuncin Kotun Ƙoli na 1936 a shari'ar Brown da jihar Mississippi, wanda ya haramta amfani da amsa laifin da aka samu ta duka, da na Miranda na 1966, wanda ya wajabta a gaya wa wanda aka kama cewa yana da ikon yin shiru da na ganin lauya.

Sai batun kuɗi, wanda ba na raina shi. A 1975 birnin New York ya kusa tsiyacewa, ya sallami dubban ma'aikata har da 'yan sanda. Gwamnatin da ke rufe ofisoshin kashe gobara ba za a ga laifinta ba idan ta kasa gyara ƙubba, kuma ba don kuɗin 'yan kasuwa ba da wataƙila ruwan sama ya gama da ginin. Amma zaɓin bai tsaya ga a ba da duka ko a riƙe duka ba. Kolon ta fara ne da ɗakuna goma na ƙasa, benen sama kuma ana ci gaba da aikin ofis. Hong Kong ta buɗe tsohuwar babbar tashar 'yan sandanta da kurkukun Victoria a 2018 da sunan Tai Kwun, inda kantuna da gidajen abinci ke zaune kusa da ɗakunan fursuna da kowa ke iya shiga. Mai gini shi ke gindaya sharaɗi, kuma birnin New York ne mai ginin titin Centre a lokacin. Sakin layi ɗaya a takardar yarjejeniya ya isa ya keɓe ɗakunan tsaro da ƙofar gefe ga jama'a. Gidan tarihin 'yan sanda da birnin ya samu daga baya, a wani tsohon caji ofis da ke Old Slip, ya fi karkata ga kaki da bindigogi da labaran jarumta, kuma tun da ambaliyar guguwar Sandy ta shige shi a 2012 bai koma wurin ba.

Hujjar da ta fi yi mini nauyi ita ce ta waɗanda aka zalunta da kansu, masu cewa a rushe kawai, ba sa son ganin wurin. A Philadelphia, 'yan sanda sun bar hedikwatarsu mai siffar da'ira, wadda ake kira Roundhouse, a 2022. A cikinta ne binciken jaridar Philadelphia Inquirer na 1977, wanda ya ci lambar Pulitzer, ya nuna yadda masu binciken kisa ke dukan waɗanda ake tuhuma har da shaidu. Ga baƙaƙen fata da yawa na birnin, ginin tabo ne na zamanin Kwamishina Frank Rizzo, kuma idan masanin zane ya zo yana yabon simintinsa, ƙara musu ciwo yake yi. Ba wanda ya isa ya koya wa wanda aka daka yadda zai ji, kuma su ya kamata a fara tambaya kafin a yanke komai. Duk da haka akwai tambayar da ba ta kaucuwa: wa rusau ya fi amfana? A 1998 Shugaba Carlos Menem na Ajantina ya ba da umarnin rushe makarantar sojan ruwa ta ESMA a Buenos Aires, inda mulkin soja ya tsare kimanin mutum 5,000 ya kuma ɓatar da mafi yawansu, a yi filin shaƙatawa da sunan sulhu. Dangin waɗanda suka ɓata ne suka garzaya kotu suka hana. Ginin ya zama hujja a shari'o'in da suka biyo baya, a 2023 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. A Lisbon ta ƙasar Fotugal kuwa, inda 'yan sandan farin kaya na PIDE suka buɗe wuta daga hedikwatarsu suka kashe mutum huɗu ranar juyin juya hali, 25 ga Afrilu 1974, an mai da wurin gidajen alfarma kamar na New York, kuma tsofaffin fursunoni suna cikin waɗanda suka fito zanga-zanga a 2005 suna kiran kada a shafe tarihi. Wanda ya sha azaba yana iya ƙin komawa wurin har abada, wannan haƙƙinsa ne. Amma idan aka share wurin, ranar da wani zai ce ƙarya yake yi, ba shi da inda zai nuna.

Masu tsoron cewa irin wannan wuri zai zubar da mutuncin ɗan sanda su dubi abin da wani shugaban 'yan sanda ya yi da kansa. A 1999 Charles Ramsey, shugaban rundunar birnin Washington, ya haɗa kai da gidan tarihin kisan kiyashin Yahudawa aka fara kai kuratan 'yan sanda suna nazarin yadda takwarorinsu na Jamus suka zama 'yan amshin shatan Nazi. Ya ga cewa nuna wa sabon jami'i inda aikin ke iya karkacewa gata ne aka yi masa.

Mu ma wannan tambayar tana gabanmu. A Legas an rushe kurkukun Broad Street a ƙarshen shekarun 1970, wurin da aka tsare Herbert Macaulay da Michael Imoudu da Anthony Enahoro da Obafemi Awolowo, filin ya zama juji na shekaru kafin a buɗe Freedom Park a 2010, inda sai da aka sake tayar da siffar ɗakunan da aka riga aka baje. A Kano mun adana Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, kuma mun kyauta, amma gidajen masu mulki ne. Tarihin jam'iyyar NEPU cike yake da labarin kamu da ɗauri a hannun 'yan doka da kotunan En'e, Hajiya Gambo Sawaba kaɗai an ɗaure ta sau da dama, ga shi waɗanda suka san ɗakunan da ido suna ƙarewa. Na kusa-kusa kuma, an rusa rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga Oktoba 2020, watanni kaɗan bayan ƙungiyar Amnesty International ta tattara ƙorafe-ƙorafe 82 na azabtarwa da kisa daga Janairun 2017 zuwa Mayun 2020. Wuraren da aka fi ambata a irin waɗannan rahotanni, kamar wanda ake kira Abbatuwa a Abuja da na Awkuzu a jihar Anambra, gine-gine ne masu bango da rajista. A ƙasar da filin gwamnati ke komawa filotai da rukunin shaguna cikin ƙanƙanen lokaci, jira ba ya cikin abin da za a yi.

Saboda haka ya kamata doka ta wajabta abu uku kafin a sayar, ko a rushe, ko a yi wa kwaskwarima duk wani ginin da aka taɓa tsare mutane a ciki. A ɗauki hoton kowane bango a auna kowane ɗaki kafin mai fenti ya shiga, a gaban wakilan Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da na ƙungiyar lauyoyi. A kwashe littattafan rajista da fayiloli a miƙa wa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, irin wadda ke Kaduna, maimakon a bar su a hannun rundunar da suke ba da shaida a kanta. Sannan duk yarjejeniyar da za a ƙulla da ɗan kasuwa ta fitar da sashen ɗakunan tsaro daga cinikin, ya zauna mallakar jama'a da ƙofarsa daban, a kuma ba waɗanda aka taɓa tsarewa a wurin da tsofaffin jami'an da suka yi aiki a cikinsa kujera a kwamitin da zai tsara abin da za a rubuta a bango.